Baro: Ƙauyen da Dogo Ya Raya

Baro ƙauyen Nufawa ne a bakin Kwara, cikin Jihar Neja. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa dogo daga nan, ya isa Kano a 1911. Leburori da fatake suka yi ta kwarara, baƙi suka zauna tare da masu gari. Da aka gama gadar Jebba a 1916, kaya suka koma bin hanyar Ikko, sai Baro ta fara dusashewa.

A ganina, kuskure ne mu ɗalibai mu tsaya ga tarihin birane masu ganuwa kaɗai. Jikokin leburorin nan suna raye. Ya kamata mu je mu ɗauko labarin kakanninsu daga bakinsu, tun ƙasa ba ta rufe shi ba.