Daga Duniya: Malamin Da Ya Ƙi Sayar Da Alƙalaminsa

A wannan wata za mu leƙa jihar Kerala da ke kudancin Indiya, inda ake magana da harshen Malayalam, mu ji labarin Malam Abdulƙadir, wanda aka fi sani da Bakkom Maulawi.

An haife shi a garin Bakkom a 1873, cikin masarautar Tarabanko. Musulmi tsiraru ne a can, kuma a lokacin yawancinsu suna gudun makarantar boko, balle a ce a kai 'ya mace.

A 1905 ya kafa jarida mai suna Swadeshabhimani, wato Mai Kishin Ƙasa, da injin ɗab'i da ya sayo daga Ingila. A 1906 ya ɗauki Ramakrishna Pillai, wanda Bahinde ne, ya ba shi edita, ya sakar masa mara ya rubuta gaskiya. Jaridar ta yi ta tona asirin cin hanci a fadar sarki. Malam bai ja wa editansa kunne ba, duk da ya san dukiyarsa ce a kan layi. A 1910 hukuma ta rufe jaridar, ta ƙwace injin, ta kori editan daga ƙasar.

Wannan bai sa ya ajiye alƙalami ba. Ya lura cewa Musulmi da yawa, musamman mata, ba su iya karanta baƙaƙen Malayalam, amma suna karanta harshensu idan an rubuta shi da haruffan Larabci, kamar dai ajaminmu. Don haka a 1918 ya fito da mujallar Al-Islam da irin wannan rubutu, domin saƙon ya shiga har cikin gida. Ya kuma matsa wa gwamnati ta sa darasin Larabci a makarantunta, don iyaye su saki jiki su kai yaransu. Ya rasu a 1932.

To, mu da muke zaune tsiraru a zango-zango, mu duba. Iyayenmu mata nawa ne suke karanta ajami amma boko ya gagare su? In muna son su ji batun karatun 'ya'ya mata, sai mu kai musu shi da rubutun da suka sani.

Allah ya kai mu wata mai zuwa lafiya.