Shekara Nawa Ya Kamata Kantin Magani Ya Riƙa Tunawa Da Kai?

Mai karatu, idan ka miƙa takardar likita a kantin magani aka haɗa maka abin da ke cikinta, kana ɗauka ciniki ya ƙare da zarar ka karɓi canjinka. A wurin mai kantin da ya san aikinsa, da sauran aiki. Wajibi ne ya bar shaida a rubuce: wane magani ya fita, mene ne ƙarfinsa, wa aka ba, a wace rana, da kuma lambar rukunin da kamfani ya buga a jikin kwalin. Ban da wannan akwai rubutun yau da kullum da ba ka gani, kamar littafin sanyin firji, da rasitan dillalai, da rajistar magunguna masu sa maye, da lissafin waɗanda suka lalace aka zubar. Tambayar ita ce, har zuwa yaushe za a ajiye waɗannan takardu kafin a hallaka su?

Bari mu duba Ingila, inda aka yanka wa kowace takarda wa'adinta. Rajistar magunguna masu tsananin tsaro, irin su mofin, doka ta ce a ajiye ta shekara 2 daga ranar rubutu na ƙarshe. Littafin da ke nuna wane masanin magunguna ne yake riƙe da kanti a kowace rana, shekara 5. Bayanin sanyin firji, aƙalla shekara 1. Fayil ɗin babban mutum a asibiti kuwa shekara 8 bayan an gama duba shi, na yaro kuma sai ya cika shekara 25 da haihuwa. A Amurka ma dokar tarayya shekara 2 ta gindaya wa bayanan magunguna masu sa maye.

Rarrabewar ta yi daidai, domin ba duk takardu ne nauyinsu ɗaya ba. Littafin firji aikinsa shi ne ya nuna cewa insulin da alluran rigakafi sun zauna tsakanin digiri 2 zuwa 8 na ma'aunin Salshiyos. Idan duk abin da ya kwana a firjin ya ƙare, aka ƙara shekara guda a kai, littafin ya gama aikinsa. Inda nake da ja shi ne wa'adin shekara 2. Ya ishi jami'in da ya zo ƙidayar kwalabe, amma ya yi wa majiyyaci kaɗan ƙwarai, saboda illar magani ba ta bin kalandar mai bincike.

Ga misali daga maganin hawan jini. A watan Yulin 2018 hukumomin Turai da Amurka suka fara janye wasu rukunai na maganin valsartan daga kasuwa, bayan an gano wani sinadari mai suna NDMA a cikinsu, wanda ake zargin yana iya jawo ciwon daji idan aka daɗe ana sha. Da aka bi sawu, sai aka danganta matsalar da sauyin hanyar sarrafawa da wani kamfani a ƙasar Sin ya yi tun wajajen 2012. Ka lissafa da kanka: kimanin shekara 6 mutane suna haɗiyar ƙwayar kowace safiya. A ce mahaifinka yana cikinsu, ka je kanti kana tambayar samfurin wane kamfani aka riƙa ba shi, sai a ce maka takardun da suka wuce shekara 2 an ƙone su. Kashi biyu cikin uku na tarihinsa ya tafi ke nan. Haka aka yi da ranitidin, maganin gyambon ciki da aka shafe shekaru da dama ana sha, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta nemi a janye shi gaba ɗaya a watan Afrilun 2020.

A gida Najeriya ma mun gani. A ƙarshen 2008 maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, wanda ya gurɓata da wani sinadari mai lalata ƙoda, ya yi sanadin mutuwar yara aƙalla 84. Sai a watan Mayun 2013 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta yanke hukunci a shari'ar da hukumar NAFDAC ta shigar. Shekara huɗu da rabi ke nan tsakanin abin da ya faru da ranar hukunci. A irin wannan bala'i, rasitin dillali da lambar rukuni su ne ke nuna inda kwalba ta fito da inda sauran 'yan'uwanta suka nufa, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Saboda haka ra'ayina shi ne, duk rubutun da ya haɗa sunan mutum da maganin da aka ba shi a ajiye shi shekara 10, tare da rasitan da ke ɗauke da lambar rukuni. Na yaro kuma a riƙe shi har ya mallaki hankalinsa ya iya tambaya da bakinsa. Yaron da ke da sikila ko farfaɗiya yakan fara shan magani tun bai san sunansa ba. Ranar da ya girma ya koma wani gari karatu, sabon likita zai tambaye shi abin da aka taɓa gwada masa da abin da jikinsa ya ƙi. Uwa takan tuna launin ƙwaya, ta ce fara ce ƙarama, alhali fararen ƙananan ƙwayoyi sun fi a ƙirga.

Masu kantuna za su ce ba su da wurin ajiya, ga gara, ga damina, ga gobarar kasuwa. Wannan kuka ne na gaskiya, amma ya fi shafar tarin kwalaye. Littafin rajista mai kauri bai fi kusurwar kabad ba, kuma wayar da ke aljihun yaron kanti tana iya ɗaukar hoton kowane shafi a ƙarshen mako. Hukumar da ke ba kantunan magani lasisi, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ta fi cancanta ta mayar da wannan sharaɗin sabunta lasisi, har ga ƙananan kemis na unguwa, tunda can ne talaka ya fi zuwa.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ban yarda a yi wasa da shi ba. Takardar magani sirri ce. Tana iya tona cewa wance tana shan maganin ƙanjamau, ko wane yana karɓar na taɓin hankali, kuma a garuruwanmu irin wannan labari yana kashe aure. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hana riƙe bayanin mutum fiye da lokacin da ake buƙatarsa. Don haka ajiya mai tsawo sai da makulli, kuma idan wa'adi ya cika a ƙone takardun ƙurmus. Duk wanda ya taɓa warware ƙunshin ƙosai ya tarar da rubutun wani ofis a jikin takardar ya san abin da nake gudu.

Kafin hukuma ta motsa, kai ma kana da abin yi. Idan akwai mai ciwo mai daɗewa a gidanku, ku tsaya wa kanti ɗaya mai rajista, ka kuma tambayi mai shi ko yana rubuta abin da yake ba ku, da tsawon lokacin da yake ajiyewa. Ka sayi ɗan littafi, duk lokacin da aka karɓo magani ka rubuta kwanan wata, da sunansa, da ƙarfinsa, da kamfanin da ya yi shi, da lambar rukunin da ke kusa da ranar lalacewa a jikin kwali. Idan rubutu zai yi wuya, ka ɗauki hoton kwalin gaba da baya kafin a jefar. Ka riƙa tafiya da littafin duk ranar ganin likita, kuma idan yaro ya girma zai bar gida ka damƙa masa nasa a hannu.