Shekarar da gona ta huta ma kuɗi ce

A yammacin jihar Kansas ta Amurka, inda ruwan sama bai wadata ba, manomi kan shuka alkama a Satumba, ya girbe a ƙarshen Yuni, sannan ya bar gonar ta huta wajen wata 14 don ƙasa ta tara danshi. Girbi ɗaya ke nan a shekara biyu.

Ni dai ban yarda da lissafin ribar da ya tsaya kan iri, taki da man tarakta ba. Hayar gona ta shekara biyu fa? Feshin ciyawa lokacin hutun, da tsufan injin girbi? A tara su duka, a raba da amfanin shekara matsakaiciya, domin shekarar albarka ruɗin manomi take yi.