Ƙwallo ba ta hana karatu, in makaranta ce ta riƙe ta

Iyaye da yawa, da sun ga yaro da ƙwallo, sai su ce taura biyu ba ta taunuwa: ko boko ko wasa. Mu malamai ma mukan taya su, mu mayar da awar motsa jiki ta zama ta shara ko ta kwafar darasi. Ni ban yarda da wannan ba, kuma rayuwar Tommy Casanova tana cikin dalilaina.

An haife shi a 1950, ya tashi a Crowley, wani ƙaramin gari a jihar Luwiziyana ta Amurka. A jami'ar jihar ya yi ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana ture-ture, kuma shekara uku a jere, 1969 zuwa 1971, yana cikin gwanayen ƴan wasan jami'o'in ƙasar. A 1972 ƙungiyar Cincinnati Bengals ta ɗauke shi. Yana wasa ana biyansa, yana kuma karatun likita a jami'ar garin. Bayan kakar 1977, yana da shekara 27, tauraronsa na haskawa, ya ajiye ƙwallo. Ya samu digirin likita a 1980, ya ƙware a aikin ido, ya koma Crowley yana duba mutanensa. Daga 1996 zuwa 2000 ya wakilce su a majalisar dattawan jihar.

Me ya sa ƙwallo ba ta cinye shi ba? Saboda a cikin makaranta yake buga ta. A jami'o'in Amurka, ɗalibin da sakamakonsa ya faɗi yakan rasa damar shiga fili. Mu kuwa, daga Maraɗi har Damagaram, mun koro ƙwallo zuwa bakin titi, inda babu mai tambayar yaro ko ya je aji yau.

Wani zai ce irin su Casanova ba su da yawa. Gaskiya ne, kuma hujjata ke nan. Yawancin yaranmu ba za su ci abinci da ƙwallo ba, wanda ya samu ma, targaɗe ɗaya a gwiwa ya isa ya zaunar da shi. Dole karatu ya zama sharaɗin wasa.

Don haka, malamai, mu kafa ƙungiya a kowace makaranta, mu ce sai mai zuwa aji kullum zai sa rigar wasa. Iyaye, maimakon fasa ƙwallon yaro da wuƙa, ku ce ya kawo takardar sakamako kafin ya fita fili.