Hoton da Gure ba ta samu ba

A shekarar 1852 an buga wani littafi a birnin Paris mai hotuna 125. Wani Bafaranshe ne, Maxime Du Camp, ya ɗauko su a Masar da ƙasashen kusa da ita. A lokacin sana'ar hoto jaririya ce, don sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a. Akwatin hoton yana da nauyi, magungunan wanki ba sa son zafi, wanda za a ɗauka kuma sai ya tsaya cik kamar an dasa shi. Shi ya sa masu hoton farko suka fi son gumaka. Dutse ba ya motsi.

A Abu Simbel, bakin kogin Nilu, akwai gumaka huɗu na Fir'auna Ramsis na 2, an sassaƙa su a jikin dutse. Tsawon kowane ya kai wajen mita 20. Da Du Camp ya isa can a 1850, rairayi ya binne wasunsu har wuya. Yakan sa wani matuƙin jirginsa ya hau ya zauna a jikin gunki, don mai kallo ya gwada girman mutum da na dutse. Dabara ce mai kyau. Daga 1964 zuwa 1968 aka yayyanka gumakan, aka mai da su kan tudu saboda ruwan madatsar Aswan. Yanzu mai son ganin yadda suke cikin rairayi a mazauninsu na fari, sai ya nemi tsofaffin hotuna.

A wannan shekara ta 1852 ɗin, wani Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Ya gana da Muniyoma Koso a fadarsa. Alƙalami da takarda ne kayan aikinsa. Ya rubuta abin da ya gani, amma ba wanda zai iya nuna wa ɗan lakwal hoton ƙofar fadar nan ta ranar.

Wani zai ce ai Gure ba ta da gumaka, kuma Musulmi ba ruwansa da gunki. Gaskiya ne. Amma tana da zaure da soro da tsofaffin masallatai na ƙasa, da adon da magina ke fitarwa a fuskar bango, irin wanda ake gani a Birni da Zango na Damagaram. Waɗannan sun fi gumakan Masar bukatar hoto. Dutse ya jure shekara dubu uku; bangon ƙasa kuwa damina kaɗan ba yaɓe ta ishe shi. Ga rairayi yana matsowa kan ƙauyuka da kwaruruwan dabino. Ga siminti, wanda ya fi ruwa saurin cinye tsohon gini.

Yau salula tana aljihun kusan kowane saurayi, sai dai hoton biki da na sabon babur ne suka cika ta. Ya kamata kowace lakwal ta ƙasar Gure ta ɗauki hoton tsofaffin gine-ginen garinta. A nemi izinin mai gida tukuna. A tsai da yaro ɗaya a gindin bango don a san tsawonsa. A wanke hoton a takarda, don salula takan ɓace ko ta lalace. A bayansa a rubuta sunan unguwa, da ranar da aka ɗauka, da sunan maginin in tsofaffi suna tune da shi.