Majalisar Ƙofar Gida Ba Zaman Kashe Wando Ba Ce

A Gwarzo ko Kabo, idan magidanci ya ce jikinsa ya yi tsami saboda aiki, kowa ya gane, za a yi masa sannu. Idan kuwa ya ce tunani ne ya hana shi barci, sai wurin ya yi tsit, ko a ce masa ya yi haƙuri, haka rayuwa take. Alhali abubuwan da ke hana barcin ba ɓoyayyu ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, shiga mota zuwa Kano ta zama sai an yi lissafi, buhun taki ya fi ƙarfin ƙaramin manomi, ƙauyukan da ke dab da iyakar Katsina kuma suna kwana cikin zullumin labarin 'yan bindiga. Ra'ayina shi ne, a cikin wannan hali, abu mafi araha kuma mafi kusa da talaka wajen sauke nauyin zuciya yana nan a ƙofar gidansa, wato majalisa da hirar da ake yi a cikinta. Mun daɗe muna kiran ta zaman kashe wando, kuma wannan raini yana jawo mana asara.

Dubi yadda ake yin dara a gindin darbejiya bayan la'asar. An tona gurabe talatin a ƙasa, wannan yana riƙe da tsinkayen kara goma sha biyu, wancan da tsakuwa goma sha biyu, kowa na neman ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa. 'Yan kallo sun fi masu wasan zaƙewa, wani na cewa a tsare nan, wani na dariyar wanda aka rufe wa hanya. Mutumin da ya zo wurin da fuska a murtuke saboda bashin da ake bin sa, hankalinsa ya koma kan gurbi guda na tsawon sa'a ɗaya, kuma a wannan sa'ar bashin bai samu wurin zama a kansa ba. Kafin a kira magariba wani ya tambaye shi jikin mai ɗakinsa, wani ya tsokane shi da wasan taubasantaka, wani ya gaya masa inda ake sayar da iri da rangwame. Bashin yana nan bai ragu ba, amma mutumin da ya tashi daga wurin zai iya cin tuwo ya kwanta.

Likitoci sun san dalilin haka. Idan mutum ya shiga fargaba, jikinsa yana sakin sinadaran da ke sa zuciya bugawa da sauri, jini ya hau, tsoka ta ɗaure. Wannan shiri ne na ɗan lokaci, don gudu ko kare kai. Matsala tana zuwa ne idan fargabar ta ƙi ƙarewa, jiki ya wuni ya kwana a ɗaure wata da watanni, daga nan sai rashin barci, ciwon kai, saurin fushi da hawan jini su biyo baya. Abubuwan da aka tabbatar suna kwance wannan ɗauri kuwa sanannu ne: barci isasshe, motsa jiki, da zama cikin mutanen da ka amince da su. Jami'ar Harbad ta Amurka ta fara bin rayuwar ɗaruruwan mutane tun 1938, kuma babban abin da masu binciken suka fito da shi bayan shekaru fiye da 80 shi ne, kyakkyawar mu'amala da mutane tana cikin abubuwan da suka fi nuna wanda zai tsufa da lafiya da kwanciyar hankali. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka ya fitar da gargaɗi na musamman a kan kaɗaici, a shekarar kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti a kan wannan batu. Ƙasashe masu arziki suna kashe kuɗi don dawo da abin da mutumin Getso ko Garo yake samu kyauta a kan tabarma.

Hujjar da ta fi kusa da mu daga Zimbabuwe ta fito. Wani likitan ƙwaƙwalwa a Harare, Dixon Chibanda, ya ga likitoci irinsa ba za su taɓa isar jama'a ba, sai ya horar da dattawan mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci, suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su zaɓi matsala ɗaya su fara da ita. A 2016 aka buga sakamakon gwajin da aka yi a kan mutum 573. Bayan wata shida, kusan kashi 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da tsofaffin ne kawai ke da alamun ciwon damuwa, a rukunin waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. Benci ne da kunne da ɗan horo. Biyun farko muna da su a kowace unguwa.

Mai suka zai ce majalisa matattarar gulma ce da cin naman mutane, kuma a irin waɗannan wurare ne matasa ke koyon shaye-shaye. Gulma kam akwai ta, ba mai musu. Shaye-shaye ma ba ƙaramin abu ba ne a jiharmu: binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi ta'ammali da ƙwaya a cikin shekara guda, Kano kuma tana cikin jihohin da abin ya fi ƙamari a arewa. A watan Mayun 2018 ne gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Sai dai a tambayi inda ake shan. Yaro ba ya ɓalle kwalba a gaban ƙanen mahaifinsa. Kango yake nema, ko bayan gari, inda babu babba. Majalisar da ta haɗa dattijo da magidanci da saurayi ita ce ma take gane yaron da idonsa ya fara canzawa tun kafin iyayensa su farga. Wanda ya sha tiramol don ya manta da damuwa, hutu yake nema ta muguwar hanya, kuma idan aka tarwatsa wuraren hutu na halal da sunan hana zaman banza, mai sayar da ƙwaya aka yi wa talla.

Suka ta biyu ta fi nauyi, wato cewa damuwar mutanenmu talauci ne, hira kuwa ba ta rage kuɗin taki. Gaskiya ne, kuma bai kamata wani mai mulki ya fake da wannan rubutu ya ce wa jama'a su je su huta ba. Amma talaka ba zai jira tattalin arziki ya gyaru kafin ya yi barci ba. Kuma wanda ya san karkara ya san a majalisar ake ƙulla rance, a nan ake jin farashin dawa da waken suya kafin ranar kasuwa, a nan ake haɗa gayya idan ciyawa ta fi ƙarfin wani, a nan ake tara kuɗin kai mara lafiya babban asibitin Gwarzo. Manomin da ya ƙaurace wa mutane don kada a ce ba shi da aikin yi, ya rasa hutu, ya kuma rasa masu ɗaga shi ranar da ya faɗi.

Akwai kuma masu ganin addu'a ta wadatar, neman wani hutu daban raunin tawakkali ne. Addu'a ginshiƙi ce, kuma sallar jam'i sau biyar a rana ita kanta tafiya ce da ƙafa da gaisawa da maƙwabta. Amma malamanmu suna karantar da labarin Salmanul Farisi, wanda ya tarar da Abu Darda ya duƙufa azumi da tsayuwar dare har ya bar iyalinsa, ya sa shi ya ci abinci ya kwanta, Manzon Allah (SAW) kuma ya gaskata Salmanu. Ƙailula ma, ɗan barcin nan na tsakar rana, iyayenmu ba su ɗauke ta lalaci ba, musamman a bazara lokacin da rana ke dukan tsakiyar kai.

Inda hujjata take da rauni na gaske shi ne mata, domin majalisar ƙofar gida ta maza ce. Matar aure tana tashi kafin kowa, ta kwanta bayan kowa, tsakanin murhu da wanki da goyo da ɗan abin sayarwa, wani lokacin ga zaman kishi a kai. Wuraren numfasawarta su ne biki, suna, gidan kitso, zubin adashi, Islamiyya, da zuwa unguwa wurin 'yan uwa. Abin takaici, waɗannan ne ake fara sokewa idan aljihu ya yi zafi. Maigida zai ce babu kuɗin mota, ziyarar gida ta bari sai bayan kaka, shi kuwa kullum yana wurin mai shayi har dare ya raba. Mace mai jego da ta daina walwala, ta daina cin abinci, take kuka ba dalili, sau da yawa cewa ake yi iska ce ko shagwaɓa, alhali ciwon damuwa bayan haihuwa abu ne da likitoci suka sani kuma yana da magani. Duk namijin da ya yarda majalisa tana sauke masa nauyi, adalci ya tilasta masa ya yarda matarsa ma tana buƙatar tata, ya kuma ɗauki kuɗin zuwa unguwa a matsayin cefane.

Ita kanta majalisar mazan tana cikin haɗari, domin yanzu sai ka ga mutum shida a benci ɗaya kowa ya sunkuya kan wayarsa, yana kallon bidiyon tashin hankalin da aka tura a WhatsApp. Jiki yana cikin mutane, zuciya tana can tana ƙara tara fargaba, da dare kuma wayar ta bi mutum har shimfiɗa ta cinye barcin da babba ke buƙata, wanda bai kamata ya gaza sa'a bakwai ba.

Hira tana da iyakarta. Wanda ya shafe makonni ba barci ba ci, ko ya fara maganar gara mutuwa, asibiti ne wurinsa, ko na Dawanau ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sai dai likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ba za ta haifo likitoci a dare ɗaya ba. Saboda haka abin da ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo za su iya yi bai fi ƙarfinsu ba. Su zaɓi ungozomomi, malaman Islamiyya mata da dattawan da aka san su da riƙe sirri, a ba su horo irin na Harare a kan sauraro da gane alamun da ke buƙatar likita, a ajiye musu benci da inuwa a ƙananan asibitocin mazaɓu, a ware ranar awon ciki da ranar rigakafi su zama ranakun zamansu, tunda a ranakun ne mata ke fitowa ba tare da an tambaye su ina za su ba.