An Maido Da Tarihi, Ina Malamansa?

A shekarar 2009 ne darasin tarihi ya ɓace daga makarantun firamare da ƙananan sakandare na ƙasar nan, aka ce wai ilmin zaman jama'a ya wadatar. Da koke-koken masana suka yi yawa, Gwamnatin Tarayya ta sake shawara, har a watan Nuwamba na 2022 aka yi taro a Abuja, aka sanar da zaɓen malamai 3,700, wato ɗari daga kowace Jiha da Birnin Tarayya, domin a ba su horo.

Madalla da wannan. Sai dai akwai abin da ya kamata mahukunta su lura da shi. Saurayi ko budurwar da ke Kwalejin Ilmi ta Zuba yau suna neman takardar shaidar malanta, sun yi firamarensu ne a shekarun da babu tarihi cikin manhaja. Ke nan ana so su shayar da yara daga rijiyar da ba a taɓa haƙa musu ba. Horon 'yan kwanaki kuwa ba ya cike wannan giɓi.

Alhali kayan aikin na nan a ƙofar kwalejin. Daga Zuba zuwa Suleja tafiya ce kaɗan, kuma can ne Abuja ta ainihi, wadda Abu Ja, na zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, ya kafa wajen 1828. Da Janar Murtala Muhammad ya sa aka keɓe wurin sabon birnin a 1976, sai tsohon garin ya bar masa sunan, ya ɗauki na Sarki Sulaimanu Barau. Ga Gbagyi da birnin ya tarar a ƙasarsu, ga Kwali, mahaifar Ladi mai ginin tukwane, wadda hotonta ke jikin naira ashirin. Yara nawa ne suka riƙe kuɗin nan ba su san ko wace ce ba?

Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa, mai hedkwata a Abuja, ita ke tsara abin da ɗalibin malanta zai koya. Ya dace ta wajabta wa kowannensu ya zauna gaban dattawan wani gari, ya rubuto asalinsa, ya gwada abin da ya ji da abin da ke cikin littattafai, kafin a miƙa masa alli.